Yadda Tsigi Ta Koya wa Babanta Keke

Tun da Tsigi ta shiga makaranta ba ta taɓa zuwa da ƙafa ba. Yayanta ne yake goya ta a bayan kekensa, jaka a gadon bayanta, hannu ɗaya ya damƙe rigarsa, ɗayan yana nuna masa duk abin da suka wuce, domin bakinta ba ya hutawa ko a kan kwalta. Shekararta goma, amma in ta shiga cikin 'yan aji biyu sai ka neme ta ka rasa. Ƙanƙantar nan ce ta sa kakarta ta laƙaba mata Tsigi, sunan kuma ya bi ta har cikin aji.

Da aka dawo daga dogon hutu sai Yaya ya tafi makarantar kwana. Ya goge kekensa tas, ya jingine shi a bayan ƙofar gida, ya lulluɓe shi da tsohon labule. Aikin raka Tsigi ya dawo kan Baba, tunda Umma ma'aikaciyar jinya ce, motar asibiti tana ɗaukarta tun gari bai gama wayewa ba.

Baba tela ne. Shagonsa yana bakin layi, ɗaki guda mai faɗin taga, da keken ɗinki na ƙafa, da teburin yanka wanda ya sha alli har ya yi fari. Mutum ne mai jiki, mai sanyin magana. Tef ɗin awo ba ya barin wuyansa. Sau da yawa sai ya zauna cin abinci Umma take zare masa shi, kamar mai kwance wa rago igiya.

Makarantar ba kusa take ba. Sai an bi bayan kasuwa, a haye 'yar gadar kwata, a tsallaka babban titi inda tireloli ke wucewa suna girgiza ƙasa, sannan a hau tudu. Ga ƙafar Tsigi gajera, ga ta da tsaye-tsaye. Ta tsaya gaida kyanwar mai kanti, ta tsaya karanta allon talla da ƙarfi, ta tsaya ta gyara wa Baba labarin da ita ce ta fara ba shi. Kafin su isa an buga ƙararrawa. Masu makara kuwa hukuncinsu tsintar takardu ne a harabar makaranta. Baba yakan tsaya a bayan waya yana kallon 'yarsa tana sunkuye-sunkuye, ya ji kamar ya shiga ya tsince mata.

Wata safiya mai gadin makarantar ya ce masa, "Malam tela, ku riƙa sammako mana. Ko ku samo mata abin hawa." Ya nuna rumfar kekuna da ke gefen ƙofa, wadda kekunan cikinta ba su taka kara sun karya ba. "Da can rumfar nan cika take yi har a jingina wasu a bango. Yanzu kowa sai mota, sai babur. Dubi ƙofar nan don Allah, da ƙyar nake ganin yaran saboda hayaƙi."

Tsigi tana tsintar takarda, amma kunnenta yana wurin.

Ranar Asabar da hantsi Umma tana gida tana shanya, sai Tsigi ta yaye labulen nan ta turo keken.

"Ina za ki da shi?" in ji Umma.

"Ku fito waje ku ga wani abu. Baba ma ya fito."

Suka fito ƙofar gida. Tsigi ta zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar keken, tunda in ta hau sirdi ƙafarta ba ta kai feda. Ta karkace gefe guda, ta taka. Ta je ƙarshen layi, ta sha kwana, ta dawo ta ja birki daidai yatsun Baba.

"Yaya ne ya koya min," ta ce tana haki. "Ya ce kar in faɗa sai ya tafi, don in za a yi faɗa a yi min ni kaɗai."

Umma ta daɗe tana kallonta. "Iyawa kam kin iya. Amma babban titi ba layinmu ba ne. In za ki hau zuwa makaranta, sai dai Babanki ya ari keke ya riƙa bin ki a baya har hankalina ya kwanta."

Baba ya yi gyaran murya. Ya ce shi a ganinsa birkin nan yana son gyara. Aka tura keken wurin mai faci, ya ɗaure birki, ya sauke sirdin ƙasa daidai tsawon Tsigi. Baba ya ce gwiwarsa tana ɗan taɓa shi kwana biyun nan. Umma ta duba, ta lanƙwasa, ta miƙar, ta ce gwiwa lafiyarta lau. Daga ƙarshe ya ce aron kayan mutane ba shi da daɗi. Shi zai bi ta da ƙafa, ita dai ta riƙa tafiya a hankali.

To, sannu-sannun keke gudun mutum ne. Ranar Litinin Tsigi tana gaba tana ƙoƙarin rage gudu, Baba yana baya yana sassarfa, silifa suna faɗa da dugadugansa, tef yana tashi ta bayan wuya. Mai shayin bayan kasuwa ya ɗago kai ya ƙwala masa kira: "Tela, wa ya gudu da ɗinkinka?" Baba ko numfashin amsawa ba shi da shi. Da suka kai gada ya zauna a kan ƙarfen gefe, gumi yana ɗiga daga gemunsa.

Tsigi ta juyo, ta jingine keken, ta tsaya a gabansa. A tsaye take, shi a zaune, amma tsawonsu ɗaya.

"Baba, zan tambaye ka wani abu, amma kar ka ji haushi."

"Ina jin ki."

"Ba ka iya keke ba, ko?"

Ya dubi hagu, ya dubi dama. "Wa ya gaya miki?"

"Ba kowa. Ko tura shi ba ka iya ba. Ranar da muka kai gyara feda ta yi ta bugun ƙwaurinka, kana cewa duwatsun hanya ne."

Ya yi 'yar dariya, sannan ya kalli ruwan kwata. "Lokacin da sa'o'ina suke faɗuwa suna tashi a kan keke, ni ina shagon kakanki ina koyon saka maɓalli. Kafin in samu sarari gemu ya riga ya fito. Ki duba fa, ƙato da gemu yana tangaɗi a kan keke, yara suna bin sa da ihu. Sai na ce bari sai gobe. Goben ce har yau."

"Amma kullum kana taka keke a shago."

"Wancan? Tun kafin a haifi Yayanki nake taka shi, bai taɓa kai ni ko bakin ƙofa ba."

Tsigi ta yi tunani, ta sa hannu a kafaɗarsa kamar yadda Umma ke yi wa masu jinya. "Zan koya maka. Ba zan yi dariya ba. In ma ta zo min, a ciki zan yi ta."

Akwai filin ƙwallo a bayan rumfunan masu katako. Nan suka zaɓa, ranakun da babu makaranta, da tsakar rana lokacin da zafi ya kori kowa inuwa. Baba ya hau keken Yaya, wanda aka sauke wa sirdi saboda Tsigi, gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa. Tsigi ta riƙe kariya, ƙarfen goyo na baya, da hannu biyu, ta cije leɓe.

"Na riƙe ka. Taka."

Ya taka. Sai dai ƙafar da ta saba da ɗinki ba ta san zagaye ba. Ya danna gaba, ya danna baya, keken yana rawa a wuri ɗaya.

"Baba, ba wando kake ɗinkawa ba! Zagayawa ake yi!"

Ya zagaya. Keken ya motsa, ya karkata, kuma riƙon Tsigi ga mutum irin Baba daidai yake da riƙon zare ga ƙofar da iska ta kwaso. Ya tafi ƙasa a hankali, da natsuwa, kamar buhun da aka jingine ba daidai ba. Tsigi ta juya baya, kafaɗunta suna girgiza.

"Ina jin ki fa," in ji shi daga ƙasa.

"A ciki nake yi."

Haka suka yi ta fama. Ta ce masa ya daina kallon taya, ya kalli inda za shi. Ta ce ya daina matse hannun keken kamar zai shaƙe shi. In ya yi 'yar tafiya bai faɗi ba sai ta tafa masa, ta ce, "Yauwa, ɗalibina!" Wandonsa ya ɓarke a gwiwa, ya ɗinke shi a shago da ƙofa a tsuke, ɗinkin da ko da fitila ba za ka gane ba. Amma ƙujewar gwiwar hannu ba ta ɗinkuwa.

Da yamma Umma ta ga yana ɓoye hannu. Ta ɗauko auduga da maganin wanke ciwo, ta zaunar da shi a kan kujera.

"Me ya same ka?"

"Ƙofar shago ce ta karce ni."

"Allah sarki." Ta sa yatsa biyu ta zaro busasshiyar ciyawa daga wuyan rigarsa, ta ɗora masa a tafin hannu. "Ya kamata a yi wa ƙofar nan shara, ciyawa ta fito mata."

Baba ya sunkuyar da kai. "Kin sani ke nan."

"Tun muna sabon aure. Duk matan layin nan an goya su zuwa kasuwa, ka taɓa jin na ce ka goya ni?"

"To me ya sa kika ce in ari keke in bi ta?"

Umma ta danna audugar, ya ja tsaki don zafi. "Na gaya maka ka motsa jiki, ka ƙi. Likita ya gaya maka, ka ƙi. Na ce bari in haɗa ka da wadda ba a ƙin maganarta."

Mutumin da Baba ya fi tsoro ya gan shi a duniya shi ne mai faci. Tare suka tashi tun suna yara, kuma bakinsa rediyo ne da ba ya buƙatar batir. Ƙaddara ta sa wata Lahadi ya yanko ta filin, taya rataye a kafaɗa, daidai lokacin da Baba yake kwance a ƙasa keken yana kansa, taya ɗaya tana ta juyawa a sama.

Mai faci ya tsaya. Ya dubi Baba, ya dubi Tsigi. Ya ajiye tayar, ya zauna a kanta, ya yi dariya har hawaye suka zubo masa. Tsigi ta sha gabansa, hannu a ƙugu.

"Kawu, ba a yi wa ɗalibina dariya a waje. A ciki ake yi."

"Tuba nake, Malama." Ya share ido da bayan hannu, ya miƙa wa Baba hannu ya tashe shi. "Kai kuwa, duk shekarun nan kana zama a bencina muna hira, kekuna zube a gabanka, ka kasa buɗe baki? Wannan keken ma ya yi maka kaɗan, kamar an ɗora giwa a kan turmi. Zo gobe, akwai wani a bayan shago."

Tsohon keke ne irin na mata, marar sanda a tsakiya, da kwando a gaba da ƙararrawa mai zaƙin murya. Mai faci ya ce shi ya fi sauƙin sauka in abu ya ɓaci. Ya kuma rantse ba zai gaya wa kowa ba. Ya cika alkawari har zuwa la'asar.

Asabar ta gaba da Baba da Tsigi suka isa filin, sai suka tarar da mutane. Masu katako sun fito da benci. Mai shayi ya bar wa ƙaninsa tebur ya zo. 'Yan ƙwallo sun ɗaura raga, amma ba wanda ya taɓa ƙwallon, duk sun zauna a gefe. Baba ya tsaya, hannunsa a kan keken, ya ji ƙafafunsa suna son komawa gida. Abin da ya guda tun yana saurayi ga shi nan ya taru a wuri ɗaya, har da benci.

"Mu koma?" in ji Tsigi a hankali.

Ya dube ta. Ta yi ado da rigar da ya ɗinka mata daga ragowar yadi, gumi ya tsattsafo a kan hancinta, kuma ya ga tsoron da ke idonta ba na kanta ba ne. Ya zare tef daga wuyansa ya rataya mata.

"Riƙe min. Kar ki riƙe kariya yau."

Ya hau. Ya tura da ƙafa, ya ɗora ɗaya a feda, ya lalubo ɗayar. Keken ya yi hagu, ya yi dama, mutane suka ce "Kai, kai, kai!" Sai ya ɗaga kai ya kalli gaba, kuma abin ya miƙe. Iska ta shiga rigarsa ta kumbura ta. Ya ji ƙasa tana gudu a ƙarƙashinsa ba tare da ya taka ta ba, ya ji wani abu ya taso masa daga ciki har ya buɗe baki yana dariya shi kaɗai. Tsigi tana bin sa a guje tana ihu, "Shi ke nan! Ka iya! Baba ka iya!"

Ya ratsa tsakiyar fili. Ya wuce. Ragar 'yan ƙwallo tana matsowa.

"Tsigi! Yaya ake tsayawa?"

"Birki! Ja birki!"

Ya laluba, ya samu ƙararrawa. Da ƙararrawa tana kaɗawa ya shige raga, shi da keken da kwandon, ragar ta rungume su. Sai 'yan ƙwallo suka miƙe gaba ɗaya: "Ya ci! Ya ci!" Masu katako suka zo suka warware shi suna buga masa baya. Wani dattijo a cikinsu ya matso kusa da kunnensa ya ce, "Tela, in ka ƙware ka zo ka koya min. Ni ma jirgi ɗaya ya kwaso mu."

Ba a daɗe ba suka fara zuwa makaranta tare, Tsigi a gaba, Baba a baya. Doka ɗaya ya kafa: in an zo babban titi kowa ya sauka, a tura keke da hannu, sai mai ba da hannu ya tsayar da motoci a tsallaka. Ranar farko sun isa tun ba a buɗe ajujuwa ba, har mai gadi ya duba agogonsa ya girgiza shi.

Maƙwabciyarsu mai kitso ce ta fara zuwa shago. Ta ce tagwayenta suna da keke, tsoron titi ne ya sa ta kulle shi a ɗaki; ko za su riƙa bin tela? Bayan ta sai ɗan mai kanti, sai wasu 'yan mata biyu daga layin baya. Tsofaffin kekuna suka riƙa fitowa daga ƙarƙashin gado da bayan ɗaki, mai faci yana ta ƙorafin an hana shi hira, yana kuma murmushi. Da safe sai ka ga jerinsu a gefen hanya kamar 'yan agwagi, Baba a ƙarshe da kwandonsa cike da gorunan ruwa da jakar wanda tasa ta yi masa nauyi. In yaro ya kauce layi sai a ji ƙararrawa daga baya. Mai shayi ya daina tsokana. Yanzu ɗaga musu ludayi yake yi.

Aka ci rabin zango a haka. Wata safiya, suna tura kekuna a bakin babban titi, Tsigi ta ja baya ta jera da Baba. Ba ta yi surutu ba tun daga gida, abin da ya sa ya san akwai magana.

"Baba, Umma ta ce hankalinta ya kwanta."

"Madalla."

"To... in mun tsallaka titi, sauran hanyar mun iya. 'Yan ajinmu suna cewa har yanzu raka ni ake yi kamar 'yar aji ɗaya." Ta yi sauri ta ƙara, "Ba korarka nake yi ba fa. Titin dai kai za ka riƙa tsallakar da mu."

Baba ya ji maganar ta sauka a wani wuri da bai san yana da shi ba. Ya gyara mata wuyan riga wanda ba abin da ya same shi.

"Ɗalibi ba ya musu da malamarsa," ya ce.

Mai ba da hannu ya tsayar da motoci, suka tsallaka. Baba ya rarraba gorunan ruwa, kowa ya karɓi nasa. Yaran suka hau, suka fara hawan tudu suna miƙewa a kan feda. Ya tsaya a gefen titi yana kallo. Tsigi ba ta waiwayo ba. Sai da ta kai can saman tudu, ta zama 'yar mitsitsiya, sannan ta saki hannu ɗaya ta ɗaga sama.

"Riƙe da hannu biyu!" ya ƙwala, ko da yake ya san ba za ta ji ba.

Ya juya keken. Hanyar shago tana hagu. A dama kuwa akwai wata hanya da ta bi gefen lambuna, wadda ya shekara da shekaru yana ganin bakinta bai taɓa sanin inda ta nufa ba. Ya ɗan yi jim, ƙafa ɗaya a ƙasa. Sannan ya karya dama.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da ya dawo layi, ƙura har gwiwa, da damin alayyafo a kwando wanda wani mai lambu ya ba shi don sun yi hira. A ƙofar shago ya tarar da wani malamin makaranta mai ritaya zaune a kan dakali, yadi a cinya, yana fifita da jarida.

"Tela, ina ka shiga? Tun ɗazu nake nan."

"Yi haƙuri, Malam. Yara na raka makaranta."

Malamin ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi alayyafon, ya dubi ƙurar da ke wandon Baba.

"Makarantar ta yi ƙaura ne?"

Baba ya yi dariya, ya jingine keken a inuwar taga inda zai riƙa ganinsa, ya buɗe shago. "Shigo, Malam. Riga ce ko wando?"